Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Kula Da Namun Daji: Wa Ke Biyan Kuɗin Abincin Giwa?

Zuwa ga shugabannin hukumomin kula da namun daji a ƙasashen da giwa ke zaune, da ƙungiyoyin da ke tallafa musu da kuɗi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan manomin da gonarsa ke bakin daji, wanda zai sha wahalar damina guda giwa ta girbe masa a dare ɗaya. Kun san shi, domin yana cikin rahotanninku na shekara-shekara. Maganata guda ce, ko da yake wasiƙar za ta ɗan ja: dabarun kare gona daga giwa an san su, an gwada su, an rubuta sakamakonsu. Abin da ba a warware ba shi ne wanda zai ɗauki nauyinsu bayan an watse daga bikin ƙaddamarwa. Har yau wannan nauyi yana wuyan wanda ya fi kowa rashin ƙarfi a cikin lamarin.

Kada ku ɗauke ni maƙiyin giwa. Rahoton 2016 na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya ƙiyasta cewa giwayen Afirka sun ragu zuwa kimanin 415,000, kuma a 2021 ƙungiyar ta sa giwar kurmi a sahun dabbobin da ke dab da ƙarewa. Dabba ce da ke ɗaukar ciki wata 22, saboda haka garken da aka karya ba ya farfaɗowa da wuri. Duk wannan na yarda da shi. Amma babbar giwa na cin abin da ya kai kilo 150 a yini, kuma abin da take tattakewa a gona yakan fi wanda ta ci. Ba ta zuwa lokacin da shuka ke ƙarama. Sai masara ta nuna, shinkafa ta sunkuyar da kai, ciyawar daji ta soma bushewa, sannan take fitowa. A Indiya ana rasa mutane wajen 500 da giwaye wajen 100 kowace shekara a wannan karon-batta. A Siri Lanka, a 2019 kaɗai, giwaye fiye da 400 da mutane fiye da 100 suka mutu. Galibin giwayen nan ba don haurensu aka kashe su ba. Guba ce, da tarko, da wayar lantarki da mai gona ya jona bayan ya gaji da kai ƙara.

Abu na farko da bincike ya tabbatar shi ne giwa ta san sata take yi. Da dare take shiga gona. Raman Sukumar ya nuna a kudancin Indiya tun shekarun 1980 cewa toraye, wato mazan giwa, sun fi garken mata da 'ya'ya yawan kai hari nesa ba kusa ba, domin uwa ba ta son jefa ɗanta cikin haɗari. A kewayen gandun Kakum na Gana an lura cewa harin yakan ragu idan wata ya cika. Ashe dabbar tana auna riba da haɗari. Wannan ne tushen duk wata dabarar korarta, kuma shi ne dalilin da ya sa dabaru da yawa ke mutuwa. Ganga, hura wuta, buga gwangwani, harbi sama, duka suna aiki a makonnin farko. Da zarar toro ya gane cewa ƙara ce kawai ba ciwo a bayanta, sai ya ci gaba da kiwonsa ana ta ihu a gefensa.

Shi ya sa shingen ƙudan zuma ya yi suna, kuma ya cancanta. A 2002 Fritz Vollrath da Iain Douglas-Hamilton suka nuna a Kenya cewa giwaye na kauce wa bishiyar da aka rataya wa amya. Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants ta ɗora a kai, ta nuna a 2007 cewa ko kukan ƙudan da aka naɗa aka kunna wa garke yana hutawa a inuwa, sai ya tashi ya bar wurin. Ƙudan zuma na samun giwa a cikin hanci, da gefen ido, da bayan kunne inda fata ba ta da kauri, kuma ba ta mantawa. Aikin ba wuya a fahimta: ana rataya amya tsakanin dirkoki kowace mita 10 kewaye da gona, a yi mata 'yar inuwa, a haɗa amyoyin da waya ɗaya. Giwa ta turo wayar, amyoyi su girgiza, ƙuda ya fito. A Sagalla, kusa da gandun Tsavo na Kenya, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna cewa kimanin 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkari irin waɗannan gonaki sun juya. Ga zumar sayarwa, ga ƙudan na taimaka wa furen amfanin gona.

To amma ku karanta rahoton har ƙarshensa, ranku ya daɗe. Masu binciken da kansu, da suka bi aikin shekara 9, sun bayyana cewa farin 2017 ya kori ƙudan daga mafi yawan amyoyin. Amya fanko ba ta daɗe tana ruɗin giwa, kuma lokacin fari ne giwa ta fi yunwa. Gara na cin dirka. Dage na fasa amya ya sha zuma. Waya na saki. Ƙudan zuman Asiya ma bai kai na Afirka faɗa ba, don haka abin da ya yi aiki a Tsavo ba lalle ya yi daidai da haka a wani wuri ba. Duk waɗannan matsaloli ne da ake magancewa da ɗan kuɗi da mutum ɗaya da ya san aikin yana zagayawa. Sai dai kuɗin aikin yakan ƙare bayan shekara biyu ko uku, a ɗauki hotuna, a rufe littafi, a bar manomi da akwatunan da ba kowa a ciki.

Labarin barkono ma haka yake. Tun shekarun 1990 Loki Osborn da abokan aikinsa suka gwada shi a Zimbabuwe, daga baya ya bazu zuwa Zambiya da wasu ƙasashe: a kwaɓa dakakken barkono da baƙin mai, a shafa wa igiya da tsummoki a kewaye gona, ko a cuɗa shi da kashin giwa a busar kamar tubali, a kunna da dare hayaƙi ya bi iska. Hancin giwa ba ya jure shi. Amma ruwan sama na wanke igiyar, kuma da damina ake noma. Wanda ba shi da kuɗin sake shafawa duk 'yan makonni, igiya kawai ya kewaya.

Shingen lantarki shi ne abin da kowa ke roƙo, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Na tsaunukan Aberdare a Kenya ya kai kusan kilomita 400, an fara shi a 1989 aka gama a 2009, kuma yana aiki ne saboda akwai ma'aikatan da ke bin sa kullum suna sare ciyawa suna gyara. Inda ba a yi wannan tanadi ba, kun san abin da ke faruwa: ciyawa ta taɓa waya wuta ta raunana, a sace batir, a kwance wayar a mayar da ita tarkon kama nama. Toraye kuma sun koyi ɗaga waya da haure, domin haure ba ya jan wuta, ko su karya itace su jefa a kai. A nan ina roƙonku ku dubi abin da Prithiviraj Fernando ya daɗe yana faɗa a Siri Lanka. A can mafi yawan inda giwa ke yawo yana wajen gandun gwamnati ne, don haka shingen da aka ja a kan iyakar gandu sau da yawa giwa ce a hagunsa giwa a damansa. Abin da ya fi tasiri shi ne a kewaye ƙauyen da gonakin su kansu. Manoma su kafa shingen lokacin shuka, su kula da shi saboda nasu ne, su kwance bayan girbi, giwa ta shigo ta ci karan da aka bari. Shingen da mutum ke kwana a bayansa ba ya rasa mai duba shi.

Akwai abubuwa biyu da hukumominku ke so saboda suna saurin kwantar da hayaniya, kuma duka biyun ina da ja a kansu. Na farko ɗauke giwa a kai ta wani daji. Fernando da abokan aikinsa sun bi toraye 12 da aka ɗauke sau 16 a Siri Lanka, suka buga sakamakon a 2012: ban da biyu da aka kashe a cikin gandun da aka sake su, duk sauran sun fice, wasu suka koma inda aka ɗauko su, wasu suka fara ɓarna a garuruwan da ba su san giwa ba. A Malawi, an kwashe giwaye 263 daga gandun Liwonde zuwa na Kasungu a 2022, kuma bayan haka ƙauyukan kan iyaka da Zambiya suka yi ta kukan gonakin da aka lalata da rayukan da aka rasa. Na biyu harbi. Jami'i ya iso bayan kwana biyu, ya harbe giwar da ya fara gani, a raba nama, zukata su yi sanyi, alhali wanda ya yi ɓarnar ya daɗe da nisa. Idan tsohon toro aka kashe, asarar ta ninka. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu, matasan toraye da suka tashi ba manya a kansu sun kashe karkanda fiye da 40 a shekarun 1990, kuma abin bai lafa ba sai da aka kawo manyan toraye 6 daga gandun Kruger. Ban ce kada a taɓa harbi ba. Giwar da ta saba fasa rumbu ko ta kashe mutum, wani lokaci ba makawa. Amma a tabbatar ita ce.

Mafi arhar magani shi ne wanda ake yi kafin a sa gatari a daji. Giwa na da burtalinta zuwa ruwa, tana bin sa tun kaka da kakanni, kuma gonar da aka sare a kan wannan hanya ba shingen da zai cece ta. A arewacin Botsuwana, ƙasar da ke da giwaye wajen 130,000, masu aikin Ecoexist sun zauna da manoma da hukumar rabon filaye a yankin Okavango suka shata hanyoyin giwa don a daina ba da gona a kansu, a kuma tara gonaki wuri ɗaya da za a iya tsarewa tare. A Kenya an bar wa giwaye zirin daji mai kilomita 14 daga Dutsen Kenya zuwa dazukan arewa, har da hanyar wucewa a ƙarƙashin babban titi. Matsalar ita ce ma'aikatar da ke ba da filin rake ko ta haƙa madatsar ruwa ba ta tuntuɓarku, ku ma ba ku matsa sai an tuntuɓe ku ba. Idan an gama ginin, ku ake kira ku kori giwa. Kujerarku a teburin rabon ƙasa ta fi motocin sintiri goma amfani.

Kuma ku daina yi kamar giwa ce kaɗai a daji. Ita ke jawo kuɗin masu ba da tallafi, na sani, amma binciken da Lisa Naughton-Treves ta yi a bakin kurmin Kibale na Yuganda a shekarun 1990 ya nuna cewa gwaggon biri, da aladen daji, da ƙananan birai su ne masu zuwa kullum. Giwa takan daɗe ba ta zo ba, sai dai in ta zo ta share. Ɓarnar kuma ta taru ne a gonakin da ke manne da bakin kurmi, wato gidaje kaɗan ne ke sha wa kowa. Kowace dabba da maganinta. Dorina gajerun ƙafafu gare ta, rami mai zurfi ko ƙaƙƙarfan shinge mara tsawo na tare ta, musamman idan an bar mata ciyawar bakin kogi. Alade da beguwa ta ƙasa suke haƙowa. Biri kuwa ido yake so, ido kuma na yaro ne, yaron da ya kamata a ce yana aji. Wannan asarar ba ta shiga lissafinku: yaro na gadin biri da rana, uba na gadin giwa da dare a kan rumfa sauro na cin sa, gari ya waye ba ƙarfin riƙe fartanya. Ana ba da shawarar a shuka abin da dabbobin ba sa so a layin farko, kamar ganyen shayi, citta, barkono ko lemo. Shawara ce mai kyau idan an haɗa manomi da mai saye. In babu kasuwa, an dai hana shi abinci ne ta wata hanyar.

Wani abu daga binciken na Kibale ya tsaya mini a rai. An gano cewa dabbobin gida ma na yin ɓarna mai yawa a gonaki, amma ba a cika jin kukan hakan ba. Dalili a fili yake: akuyar maƙwabci tana da mai ita, ana iya zama da shi gaban dattawa ya biya. Giwa kuwa doka ta ce ta gwamnati ce, ta hana manomi taɓa ta, sannan idan ta ci gona mai ita ba ya zuwa. Ba banza ba manoma a ƙasashe da dama ke kiran namun daji shanun gwamnati. To ku ne makiyayan, ranku ya daɗe.

Wannan ya kawo mu ga diyya, inda na san za ku ce an gwada bai yi ba. Gaskiya ne Kenya ta dakatar da biyan diyyar amfanin gona a 1989 saboda ƙarya da almundahana sun yi yawa. Dokar 2013 ta dawo da ita, har ta yanka shilin miliyan 5 ga iyalin wanda dabba ta kashe, amma bashin da ba a biya ba ya taru ya kai biliyoyi, mutane na jira shekara da shekaru. Diyyar da ta zo bayan shekara uku ihu ce bayan hari. Iyalin sun riga sun sayar da akuya, sun ci bashi, wataƙila sun zuba guba a kabewa. Amma gazawar tsari ba hujjar barin biya ba ce. Namibiya ta ba al'ummomin karkara iko a kan namun dajinsu tun dokar 1996, kuma ta hannun ƙungiyoyinsu ake tantance asara a rage wa mutum zafi, inda maƙwabci ya san wanda ya yi ƙarya. Yau kusan kowane ƙauye akwai waya mai ɗaukar hoto, kuma ana tura kuɗi ta waya. A horar da mutum biyu a ƙauye su auna ɓarna cikin kwana biyu, a biya kafin damina ta gaba, a fifita wanda ya nuna ya yi ƙoƙarin tsare gonarsa. Ko rabin asarar aka biya a kan lokaci ya fi cikakken alkawarin da ke kwance a ofis.

Rabon kuɗin yawon buɗe ido ma yana buƙatar gyara. Yuganda na ware 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandu don garuruwan kewaye, Ruwanda na ware 10 cikin 100 na kuɗin da gandunanta ke samu. Madalla. Sai dai kuɗin yakan tafi ga ajin makaranta ko rijiya da dukan gunduma za ta amfana, alhali asarar tana kan gidajen layin farko. Mutumin da rumbunsa ke fanko ba ya ƙoshi da ganin sabon aji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A fara da waɗanda ke bakin daji, sannan a waiwayi sauran.

Ku kuma masu ba da tallafi daga ƙasashen da ba giwa sai a gidan zu, a 2024 shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika wa Jamus giwaye 20,000 su gwada zama da su. Duniya ta yi dariya, amma ko wanda bai yarda da shi ba ya san inda maganar ta dosa. Idan giwa gadon duniya ce, ciyar da ita bai kamata ya zama aikin mai kadada ɗaya ba. Yarjejeniyar kare halittu da aka amince da ita a Montreal a Disamban 2022 ta sa rage wannan rikici cikin manufofinta, galibin ƙasashenku kuma sun amince. Kuɗin gyaran waya, da albashin mai zagaya amya, da man babur ba su da kyawun hoto, shi ya sa ba a son ba da su. Su ne kuwa aikin. Tallafin shekara 10 na ƙaramin kuɗi ya fi na shekara 2 mai yawa.

Saura maganar dare. A Valparai ta kudancin Indiya, inda giwaye ke ratsa gonakin shayi, Ananda Kumar da abokan aikinsa sun kafa tsarin tura saƙon waya ga mutanen da giwa ke kusa da su, da jajayen fitilu da ake kunnawa a wuraren da ake hangowa daga nesa, kuma mutuwar mutane ta ragu sosai. Ba wata fasaha mai tsada a ciki. Mutane ne da aka ɗauka aiki su bi sawu, da lambar waya da ake amsawa. A wurare da yawa kun rataya wa giwaye na'urar da ke nuna inda suke kowace sa'a, bayanin na isa kwamfutar babban birni, amma ba ya isa ga wanda garken ke tunkarar gonarsa. Ku tura masa. Ku ajiye 'yan sintiri da mota mai mai a kusa da ƙauyukan da kuka san ana kai wa hari, a makonnin da kuka san amfani na nuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin kuɗi. Kamar yadda kuke buga ƙidayar giwaye, ku riƙa buga wani lissafin kowace shekara, ƙauye-ƙauye: gona nawa aka shiga, wace dabba ce, kira nawa aka yi muku, nawa kuka amsa a daren, shinge nawa daga cikin waɗanda aka ƙaddamar ke aiki har yanzu, mutum nawa aka biya kuma bayan wata nawa. A liƙa shi inda manoman za su gani, a karanta musu a rediyo da harshensu, su kuma su sami damar cewa wannan layin ba haka aka yi ba.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin gona